Ƙiba ce ko kumburi? Yadda ake ƙulla farashin tsofaffin motocin tsere

A watan Agusta na shekarar 2023, a garin Monterey da ke gaɓar teku a jihar Kalifoniya ta Amurka, inda masu tara tsofaffin motoci ke yin dandazo kowace shekara, kamfanin gwanjo na RM Sotheby's ya baje wani abu da ido ba zai kira shi mota ba sai an rantse masa. Tulin ƙarfe ne da ya lanƙwashe ya motse, wuta ta lashe fentinsa, tsatsa ta cinye abin da wutar ta rage, babu kujera balle gilashi, kuma injin da aka haɗa da shi a cinikin ma ba nasa ne na asali ba. Wannan tarkace shi ne ragowar wata Ferrari 500 Mondial ƙirar 1954, wadda ta shiga tseren Mille Miglia a Italiya a shekarar da aka ƙera ta, daga baya ta yi hatsari ta ƙone a Amurka, aka jefa ta a rumfa shekaru da dama. Da aka kammala tayi, an sallama ta a kan dala miliyan 1.875.

Wanda ya biya wannan kuɗi ba zautacce ba ne, domin ya san abin da ya saya. Lamba ya saya, wato lambar da masana'anta ta buga a jikin firam ɗin motar tun ranar da aka ƙera ta, tare da takardun da ke tabbatar da cewa wannan lamba ce ta tsaya a bakin layin tsere a rana kaza da direba kaza. Duk sauran abubuwa, daga bodi zuwa kujera zuwa ƙusoshi, akwai gwanayen maƙera a Italiya da Ingila da za su sake ƙera su da hannu idan aka biya su. Lambar ce kaɗai ba a iya ƙera ta biyu ba tare da an shiga hannun hukuma ba. Duk wanda yake son fahimtar dalilin da ya sa farashin tsofaffin motocin tsere ke yin tashin gwauron zabi, da kuma inda wannan tashi yake ƙiba ta gaskiya da inda yake kumburi kawai, to daga nan ya kamata ya fara: abin da ake saye da sayarwa a wannan kasuwa tarihi ne da aka liƙa wa ƙarfe, kuma tarihi ba shi da sikelin da ake auna shi.

Wannan batu ya taɓa kaiwa gaban alƙali. A shekarar 1990 babbar kotun Landan ta saurari ƙara a kan wata Bentley da ake wa laƙabi da Old Number One, wadda ta lashe tseren sa'o'i 24 na Le Mans a Faransa a 1929 da 1930. An ƙulla cinikinta a kan fam miliyan 10, sai mai sayen ya janye, yana cewa motar da ke gabansa ba ita ce ta ci Le Mans ba, tunda an sauya mata firam da bodi da sassa masu yawa, ta kuma yi mummunan hatsari a filin tsere na Brooklands a 1932 aka sake gina ta. Alƙalin ya bai wa mai sayarwa gaskiya, bisa hujjar cewa motar tsere dama kullum cikin sauye-sauye take, kuma abin dubawa shi ne ko tarihinta ya ci gaba ba tare da yankewa ba, har babu wata motar da za ta iya da'awar wannan suna. Hukuncin yana da ma'ana, sai dai ya bayyana ƙarara cewa asalin mota abu ne da ake yanke hukunci a kansa da hujja da takarda, ba abu ne da bakanike zai leƙa ƙarƙashinta ya gani ba. Shi ya sa kamfanin Ferrari ya buɗe sashen da ya kira Classiche a 2006, wanda ke bincikar tsohuwar mota ya gwada ta da kundin masana'anta, sannan ya ba da shaida a cikin wani jan littafi cewa inji da giya da firam duk na asali ne. Motoci biyu iri ɗaya, masu lafiya ɗaya, ɗaya da jan littafi ɗaya babu, tazarar farashinsu tana iya zarce kuɗin gida.

Kamfanin Jaguar ma ya nuna ƙarfin lamba ta wata fuskar. A 1963 ya yi niyyar ƙera E-type marasa nauyi guda 18 domin tsere, amma 12 kawai ya kammala, lambobi shida suka rage a littafi ba a yi amfani da su ba. A 2014 sai ya ɗauko waɗannan lambobi shida ya ƙera musu sababbin motoci fil, ya sayar da kowace sama da fam miliyan ɗaya.

A ƙololuwar kasuwar, ƙarancin gaskiya ne, kuma babu mai musu a kansa. Ferrari 250 GTO guda 36 aka ƙera tsakanin 1962 da 1964, ana sayar da sabuwa a kan kimanin dala 18,000 a lokacin. Kamfanin Bonhams ya yi gwanjon ɗaya a kan dala miliyan 38.1 a 2014, RM Sotheby's ya sayar da wata a kan dala miliyan 48.4 a 2018, a wannan shekarar kuma aka ruwaito cewa wani attajirin Amurka, David MacNeil, ya sayi tasa a ciniki na sirri a kan kimanin dala miliyan 70. Mercedes-Benz 300 SLR mai rufi, wadda ake kira da sunan injiniyan da ya tsara ta, Rudolf Uhlenhaut, guda biyu kacal aka ƙera a 1955, kuma da kamfanin ya yanke shawarar rabuwa da ɗaya a watan Mayu na 2022, a wani gwanjo na gayyata da aka yi a gidan tarihinsa da ke Stuttgart a Jamus, an saye ta a kan yuro miliyan 135. Irin waɗannan alƙaluma suna sa mutum ya riƙe baki, amma a ganina ba a nan matsalar take ba. Masu arzikin biliyoyi a duniya sun ƙaru ninki-ba-ninki tun daga shekarun 1980, motocin kuwa ba su ƙaru ko da ɗaya ba, kuma mai irin wannan mota yana samun abin da kuɗi zalla ba ya sayowa, wato gayyata zuwa tarukan da ba a shiga sai da ita. Tseren Mille Miglia na zamani, alal misali, ba ya karɓar mota sai irin wadda ta shiga na asali tsakanin 1927 da 1957, don haka kowace mota da ta cika wannan sharaɗi tana ɗauke da tikitin shiga a cikin farashinta. Mutum yana iya ganin abin almubazzaranci ne, amma ba zai ce babu dalili a bayansa ba.

Kumburin yana farawa ne a lokacin da aka ɗauki farashin mota guda, wanda mutum biyu suka kai shi a dare guda, aka mayar da shi darajar duk wata mota mai kama da ita. Domin a ga yadda hakan ke faruwa, sai an shiga zauren gwanjon an duba yadda ake haifar da adadin da jaridu ke bugawa washegari.

Da farko dai, adadin da ake yayatawa ba shi ne abin da mai mota ya karɓa ba. A manyan gwanjon Amurka an saba ɗora wa mai saye la'adar kashi 12 cikin ɗari a kan dala 250,000 na farko, da kashi 10 a kan abin da ya haura. Idan aka buga guduma a kan dala miliyan ɗaya, mai saye zai biya dala 1,105,000, kuma wannan ne adadin da zai shiga tarihi a matsayin farashin motar. Mai sayarwa kuwa za a cire tasa la'adar daga miliyan ɗayan, gwargwadon yadda suka daidaita da kamfanin, sannan ga kuɗin jigila da na shiga kundin gwanjo da na ɗaukar hoto. Ke nan tun a daren da aka yi cinikin, akwai giɓi na kashi goma zuwa ashirin cikin ɗari tsakanin abin da aka ce motar ta kai da abin da za ta kawo wa sabon mai ita idan ya juya ya sayar da ita a wannan farashin daidai.

Na biyu, yawancin motoci masu tsada suna shiga gwanjo ne da wani farashi na ɓoye wanda mai mota ya gindaya cewa ba zai sallama ƙasa da shi ba. A wurare da yawa doka ta yarda mai gudanar da gwanjo ya riƙa yin tayi a madadin mai mota har zuwa dab da wannan iyaka, kuma yana yin haka ne ta hanyar nuna wani sashe na zauren kamar wani ya ɗaga hannu, alhali babu kowa. Masu harkar suna yi wa wannan ɗabi'a ba'a da cewa fitilar rufi ce ke tayi. Sakamakonsa shi ne, idan aka ji cewa an taya wata mota dala miliyan biyu amma mai ita ya ce albarka, ba lalle ne akwai wani mahaluƙi da ya yi niyyar biyan miliyan biyun ba. Duk da haka wannan adadi zai shiga rumbun bayanai, dillalai su riƙa ambatonsa ga masu saye, mai irin motar a wata ƙasa kuma ya riƙe shi a ransa a matsayin ƙasan farashin tasa.

Sai kuma yanayin zauren kansa, wanda aka tsara shi domin ya motsa zuciya. Ana tura motar a kan dandamali ƙarƙashin fitilu, an riga an rubuta mata shafuka a kundi mai sheƙi, an ɗora mata ƙiyasin farashi wanda kamfanin da zai ci la'ada ne ya tsara shi, ga jama'a suna tafi duk lokacin da aka haye wani miliyan. Abin da ya faru a Monterey a watan Agusta na 2019 ya nuna yadda wannan yanayi ke iya ɗauke hankalin zaure guda. An fito da wata mota ta 1939 mai suna Type 64, wadda Ferdinand Porsche ya tsara tun kafin kamfaninsa ya fara ƙera motoci da sunansa, ana sa ran za ta kai kimanin dala miliyan 20. Mai gwanjon ya buɗe da miliyan 13, amma da yake furucin sha uku da na talatin suna kama da juna a Turanci, sai allon da ke bayansa ya nuna miliyan 30. Ya ce sha huɗu, allo ya nuna arba'in. Aka ci gaba a haka har allo ya kai miliyan 70, zaure ya kaure da sowa, mutane sun ɗaga wayoyi suna ɗaukar abin da suka zaci tarihi ne. Da aka gyara allon ya koma 17, sai sowa ta rikiɗe ta zama dariya da ihun takaici, tayi ya tsaya cik, motar kuma ba ta sayu ba. Abin lura a nan ba kuskuren allon ba ne. Zauren cike yake da masana da dillalai da attajirai, amma na ɗan lokaci da yawansu sun gaskata cewa mota ɗaya tana iya ninka ƙiyasinta sau uku da rabi, saboda babu wani ma'auni a hannunsu da zai ce musu hakan ba zai yiwu ba.

Daga zauren gwanjo adadin yake wucewa zuwa littattafan farashi da ma'aunan kasuwa, kuma a nan ne yake samun rigar kimiyya. Mafi shahara shi ne na kamfanin Hagerty na jihar Michigan, wanda ke kasa lafiyar mota gida huɗu, daga ta ɗaya, wadda ta isa shiga gasar ƙawa, zuwa ta huɗu, wadda ake hawa yau da gobe da 'yan lahaninta. Aiki ne mai amfani, kuma masu yin sa sun san motoci. Sai dai hannun jari a kasuwar New York ana cinikinsa sau dubbai a rana guda, yayin da wata irin mota sai a shekara ba a sayar da guda uku a bainar jama'a ba, kuma ukun ma ba ɗaya suke ba a lafiya da launi da tarihi. Ga shi kuma motocin da ake kaiwa manyan gwanjo zaɓaɓɓu ne, waɗanda masu su suka ga alamar riba. Wanda ya san zai faɗi yakan sayar a ɓoye ko ya rufe gareji ya jira. Cinikin sirri, wanda shi ne kaso mai tsoka na kasuwar, ba ya fitowa fili sai wanda dillali ya ga amfanin ya fito, kuma ba a taɓa jin dillali ya kira 'yan jarida domin ya shaida musu cewa ya sayar da mota da asara ba. Akwai kuma wani abin da ya kamata mai karatu ya sani: Hagerty asalinsa kamfanin inshorar tsofaffin motoci ne, ya mallaki bikin baje kolin motoci na Amelia Island a 2021, ya kuma sayi kamfanin gwanjo na Broad Arrow a 2022. Ba zargi nake yi ba, tsarin kasuwar nake nunawa, inda mai ƙiyasta daraja da mai karɓar kuɗin inshora gwargwadon darajar da mai cin la'ada a kan ciniki duk suke ƙarƙashin rufi ɗaya, kuma kusan babu wani mai faɗa a ji a harkar da zai ƙaru idan farashi ya sauka.

Duk wannan injin ba ya tashi sai da mai, kuma man shi ne kuɗi mai araha. Sau uku aka ga haka a cikin shekaru arba'in. Na farko shi ne ƙarshen shekarun 1980, lokacin da farashin filaye da hannun jari a Japan ya yi sama, bankuna a Turai kuma suna ba da rance a sayi mota kamar yadda ake bayarwa a sayi gida. Rasuwar Enzo Ferrari, wanda ya kafa kamfanin Ferrari, a watan Agusta na 1988 ta ƙara wa wutar fetur, domin kowa ya ɗauka duk motar da aka ƙera a zamaninsa ta zama kayan tarihi. Ferrari F40, wadda aka fito da ita a 1987 da niyyar ƙera kimanin 400, ta riƙa sauya hannu a kan ninkin farashin masana'anta, har ana sayar da gurbin layi tun kafin a ƙera motar. Kamfanin da ya ga haka sai ya ci gaba da ƙerawa har suka haura 1,300, ƙarancin da aka biya kuɗi dominsa ya bi iska. Jaguar ya nuna samfurin XJ220 a 1988 da inji mai silinda 12, jama'a suka yi rububin ajiye kafin alƙalami na fam 50,000 kowanne, amma da motar ta fito a 1992 da inji mai silinda shida da farashin fam 470,000, tattalin arziki ya riga ya karye, masu ajiyar da dama suka nemi zamewa har aka dangana da kotu, kuma ba a kai ga ƙera 300 ba. Wata 250 GTO da wani attajiri ɗan Japan ya saya sama da dala miliyan 13 a 1989 an sake sayar da ita a 1994 ƙasa da dala miliyan huɗu. A Ingila kuwa, wani basarake mai suna Lord Brocket, da bashi ya sha masa kai bayan darajar motocinsa ta zube, ya sa aka daddatsa wasu daga cikinsu ya ce an sace domin ya karɓi kuɗin inshora, abin da ya kai shi gidan yari a 1996.

Zagaye na biyu ya biyo bayan rikicin kuɗi na 2008, lokacin da babban bankin Amurka ya riƙe kuɗin ruwa dab da sifili har zuwa ƙarshen 2015. Mai kuɗi ba ya samun komai idan ya ajiye a banki, sai ya nemi kadarar da zai gani da ido, kuma masu ba da shawara kan dukiya suka fara lissafa motoci a jerin abubuwan zuba jari tare da zane-zane da agogo. Dokokin haraji ma sun taimaka: a Birtaniya ba a biyan harajin riba idan mutum ya sayar da motarsa ta hawa, a Amurka kuma har zuwa gyaran dokar haraji na 2017 mai zuba jari yana iya musanya mota da mota ya jinkirta biyan harajin. A wannan zagaye ne kumburin ya sauko daga sama ya mamaye tsakiya. Porsche 911 Carrera RS ta 1973, wadda aka ƙera guda 1,580, ta ninka farashinta a cikin 'yan shekaru, sai ta ja duk wata 911 mai injin da iska ke sanyayawa, alhali irin waɗannan an ƙera su ɗaruruwan dubbai kafin a daina a 1998. Da aka sayar da wata 911 GT2 a Landan a kan fam miliyan 1.85 a watan Satumba na 2016, masu 911 na gama-gari a ko'ina suka ƙara wa nasu kuɗi, kamar dai dangantakar suna ta isa ta gadar da daraja.

Na uku shi ne na lokacin annobar korona, kuma ya zo da sabon salo. Mutane suna kulle a gida, kuɗin ruwa ya sake komawa ƙasa, gwanjo kuma ya koma intanet, inda shafin Bring a Trailer, mai karɓar la'adar kashi biyar cikin ɗari da iyakar da ba ta wucewa, ya yi cinikin da ya haura dala biliyan ɗaya a 2022. A watan Janairu na wannan shekarar aka sayar da Porsche Carrera GT a shafin a kan dala miliyan biyu, motar da aka ƙera guda 1,270 kuma ba ta cika shekara ashirin ba a lokacin. Jimillar cinikin makon Monterey na 2022 ta kai kimanin dala miliyan 470, adadin da ba a taɓa gani ba. Daga nan bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa har ya haura kashi biyar cikin ɗari a 2023, kuma jimillar shekarun da suka biyo baya ta sauko.

Masu tallar mota a matsayin jari suna son ba da labarin waɗanda suka dace, kuma akwai su. Motar Ferrari da aka sayar a New York a watan Nuwamba na 2023 a kan dala miliyan 51.7, wadda ake lissafa ta cikin dangin GTO, wani mutumin jihar Ohio ne ya saye ta a 1985 a kan kimanin dala 500,000. Ninki ɗari ke nan, kuma abin burgewa ne. Amma idan aka raba wannan riba a kan shekaru 38, ba ta wuce kimanin kashi 13 cikin ɗari a shekara ba, tun kafin a cire inshora da ajiya da gyara, yayin da wanda ya zuba kuɗinsa a manyan hannayen jarin Amurka a wannan tsawon lokaci, yana mayar da ribar da ake raba masa, ya samu sama da kashi 10 ba tare da ya sauya ko da man inji ba. Wannan fa sakamakon ɗaya daga cikin motoci mafi daraja a duniya ke nan, a hannun wanda ya saya kafin kasuwa ta farka, kuma duk da haka ba ta kai dala miliyan 60 da aka yi mata ƙiyasi ba. A ɗaya gefen ga Ferrari 275 GTB/4 da ɗan wasan fim na Amurka Steve McQueen ya taɓa mallaka: an saye ta dala miliyan 10.175 a Monterey a 2014, fiye da ninki biyu na abin da takwarorinta ke kaiwa, saboda sunansa kawai, sannan aka dawo da ita gari ɗaya, hannun kamfani ɗaya, a 2023, ta tashi a kan dala miliyan 5.395. Motar ba ta lalace ba, tarihinta bai sauya ba. Waɗanda sunan McQueen ke sa su ɗaga hannu ne suka ragu.

Wannan misali yana taɓo abin da nake ganin ya fi kuɗin ruwa tasiri a nan gaba, wato shekarun masu saye. Mutum yakan nemi motar da ya yi sha'awa yana yaro lokacin da ba shi da halin saye, kuma yakan samu halin ne bayan ya haura arba'in ko hamsin. Waɗanda suka taso da hoton Jaguar E-type ko Austin-Healey a bangon ɗakinsu yanzu sun manyanta, da yawansu masu sayarwa ne ko kuma magadansu ne ke sayarwa, kuma farashin irin waɗannan motoci ya yi sanyi tun bayan tsakiyar shekarun 2010. E-type mota ce kyakkyawa, amma an ƙera ta sama da 70,000, kuma kuɗin gyara ta daga tushe sau da yawa yakan zarce abin da za ta kawo bayan an gama. Masu kuɗin yau kuwa sun taso ne da F40 da McLaren F1 da motocin Japan na shekarun 1990, shi ya sa aka ga McLaren F1 ta kai dala miliyan 20.5 a 2021, kuma Nissan Skyline GT-R ta 1999 ta yi tsada tun kafin 2024, shekarar da dokar Amurka mai hana shigo da irinta sai ta cika shekara 25 ta fara sakinta. Ko ma'anar kyau kanta tana sauyawa: shekaru da dama ana ba da lada ga motar da aka gyara ta fi sabuwa sheƙi, sai ga shi a 2024 babbar kyautar gasar ƙawar tsofaffin motoci ta Pebble Beach a Kalifoniya ta tafi ga wata Bugatti ta 1934 da ba a sabunta ta ba, da tsohon fentinta da tabonta, karo na farko a tarihin gasar. Wanda ya kashe dukiya ya kankare tsohon fenti shekaru goma da suka wuce ya kankare wani ɓangare na darajar motarsa bai sani ba.

Saboda haka idan aka tambaye ni ko farashin ya kumbura, amsata ta danganta da motar da ake magana a kanta. 'Yan ƙalilan ɗin da ke da tarihin tsere tabbatacce da adadin da bai wuce a ƙirga da yatsu ba suna iya yin ƙasa na ɗan lokaci, kamar yadda suka yi a farkon shekarun 1990, amma masu su galibi ba sa cikin matsin da zai tilasta musu sayarwa. Hatsarin yana kan dubban motocin tsakiya, waɗanda aka saya a kan dala dubu ɗari biyu ko ɗari biyar ko miliyan ɗaya a lokacin da kuɗi ke da araha, bisa hujjar cewa wata 'yar uwarsu ta kai kaza a Monterey. Kuma irin wannan kumburi ba ya fashewa da ƙara yadda hannun jari ke rugujewa a yini guda. Sacewa yake yi a hankali. Alamominsa su ne yawan motocin da ake mayarwa cikin tirela ba a sayar ba, da ƙiyasin da ake ragewa daga kundi zuwa kundi, da tallar dillali da ke shafe wata takwas a shafi ɗaya, da masu motar da suka fara yarda a yi gwanjon tasu ba tare da gindaya iyaka ba. Littattafan farashi sukan biyo baya da jinkiri, tunda cinikin da bai faɗa ba ba ya barin adadin da za a rubuta. A tsakanin wannan lokaci mai mota yana nan da takardar inshorarsa mai ɗauke da darajar da aka amince da ita a 2022, yana biyan kuɗin shekara gwargwadonta, yana biyan hayar ɗakin ajiya mai na'urar daidaita sanyi da laima, alhali rabon da wani ya taya masa motar a kan wannan kuɗi tun ranar da shi kansa ya saye ta.